Wa ke fara hawa sabon jirgin sama?

Jama'a, assalamu alaikum. Idan lokacin jigilar alhazai ya yi, je ka Ambursa kusa da Birnin Kebbi, filin jirgin Sir Ahmadu Bello, ka ga yadda yara ke ɗaga kai har jirgi ya ɓace musu. Jirgin nan da ke ɗauke da iyayenmu, kafin a yarda fasinja ko ɗaya ya taka shi, akwai wanda ya fara tashi da irinsa alhali babu mahaluƙin da ya san halinsa a sama. Shi ne matuƙin gwaji.

Ka san yadda bakanike ke yi idan ya gama ɗaura inji. Ba ya miƙa maka makulli, sai ya hau titi da motar, ya taka ta, ya ja birki, ya kasa kunne. To aikin ke nan, sai dai a sama babu gefen titin da za ka faka.

Matuƙin gwaji yakan rage gudu da gangan har fukafukai su daina riƙe iska, jirgi ya sunkuyar da hanci, don a san daidai gudun da hakan ke faruwa. Yakan kashe inji ɗaya, ya ga ko ɗayan zai kai shi gida. Duk wannan a rubuce yake tun daga ƙasa, a ɗan katin da ke ɗaure a cinyarsa, kuma injiniyoyi na zaune suna karanta lambobin da jirgin ke aikowa. Da ya sauka, sai rahoto. Akwai ma'aunin Cooper-Harper, daga 1 zuwa 10: 1 jirgi mai biyayya, 10 kuwa jirgin da zai ƙwace wa matuƙinsa. Wanda zai ce "jirgin ya yi daɗi" ya yi shiru, ba shi ake nema ba.

Wannan nake so ƙannena su riƙe. Mutane sun ɗauka aikin masu taurin rai ne. Gaskiya ne Chuck Yeager, wanda ya fara zarce gudun sauti ranar 14 ga Oktoba 1947 da jirgin Bell X-1, bai yi jami'a ba. Amma wancan zamani ya wuce. Neil Armstrong injiniya ne, kuma ya gwada jirgin roka X-15 kafin ya taka wata a 1969. Yau digiri ake tambaya, na injiniyanci, lissafi ko fizis.

To ta ina ɗan Argungu ko Yawuri zai bi? Hanyar da aka fi bi ita ce ta soja. Ka fito sakandare da kiredit biyar, har da Turanci da lissafi da fizis, ka zauna JAMB, ka nemi NDA ta Kaduna, makarantar horar da hafsoshin soja, ɓangaren sojan sama. Sai gwajin lafiya, musamman ido da kunne da zuciya. Koyon tuƙi a Kaduna ake farawa, jiragen jet kuma a Kano. Ɗan farar hula yana da kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, amma kuɗinta ba wasa ba ne.

Daga nan sai haƙuri. Shekaru za ka yi kana tara awoyi ɗari bisa ɗari, a jirage iri-iri, kafin a tura ka makarantar gwaji. Manyansu a waje suke: ta Boscombe Down a Ingila, wadda ita ce ta farko, tun 1943, da ta Edwards a Amurka, da ta Istres a Faransa. Kwas ɗin kusan shekara guda ne, rabi aji rabi sama, kuma yawanci gwamnati ko kamfani ke biya.

Idan ido ya hana ka tuƙi, kada ka karaya. Injiniyan gwaji shi ma makarantun nan yake shiga, shi ke tsara katin, wani lokaci har ya zauna a kujerar baya. Ƙanwata mai son lissafi, har da ke nake. Duba AFIT ta Kaduna, cibiyar fasaha ta sojan sama, tana ɗaukar farar hula karatun injiniyancin jiragen sama, ita ma ta hanyar JAMB.