Idan ɗigon ruwa ya maƙale a kwamfuta, ina za a duba?

Assalamu alaikum ɗalibai da ma'aikatan ruwa. Ku dubi allon nan. Kwarin Gulbin Maradi ne, an yanka shi gida-gida kamar gurbin dara. MODFLOW, manhajar da hukumar USGS ta Amurka ta fitar a 1984, ita ta lissafa tsayin ruwan ƙarƙashin ƙasa a kowane gida, sai wata manhajar, MODPATH, ta saki jajayen ɗigogin nan don mu ga hanyar da ruwan zai bi. To ga su: wasu sun tsaya cak, wasu sai jan ciki suke.

Kada ku fara da ɗigon. Ba shi da ƙafar kansa, inda lissafin ruwa ya tura shi nan yake zuwa. Ku duba ruwan da ya shiga da wanda ya fita; in bambancin ya haura kashi 1 cikin 100, a nan ciwon yake. Ku duba ma'auni kuma, kada a sa mita a daƙiƙa a nan, mita a yini a can, alhali yini guda daƙiƙa 86,400 ne.

Yanzu ga wanda ya fi damuna. Dokar da Henry Darcy ya fitar a 1856 tana lissafi kamar ruwa na ratsa ƙasar gaba ɗaya. Amma ruwa ba ya huda ƙwayar rairayi, ta ƴan kafofin tsakani yake kurɗawa, don haka ya fi sauri. Mu ɗauki misali: lissafin Darcy ya ba mu santimita 1 a yini. Kafofin kuwa kashi 25 ne cikin 100 na rairayin, sai a raba santimita 1 ɗin da 0.25, ya zama santimita 4 a yini. Masai yana nan, rijiya tana can, mita 100 tsakaninsu. Wanda ya manta bai raba ba zai ce sai bayan shekara 27 ƙazanta za ta iso. A gaskiya ko 7 ba za ta cika ba. Ruwan da yara za su sha ne fa, don Allah a kula da wannan lamba ta kafofi.

Waɗannan da suka taru kusa da foraj kuma, gidan ne ya yi girma. Foraj ɗin ba ya zuƙe duk ruwan da ke shigowa gidan, manhajar ba ta san wane ɗigo zai shiga bututu, wane zai wuce ba. Ku ƙanƙanta gidajen da ke kewaye da shi, ku sake gwadawa. Na saman nan da ba su motsa ba sam, a busasshen gida aka ajiye su, don ruwa ya ja ƙasa da rani. A sauko da su.

Ko bayan layukan sun fito sumul, ku sani matsakaicin gudun ruwa kawai ɗigon ke bi. Ƙazanta tana bazuwa a hanya, gabanta na iya riga ɗigon isa rijiya, saboda haka ku ƙara tazara a kan abin da allon ya nuna.