Lacca: Tayar da ƙaramin tsarin kwamfuta a cikin burauza da v86

Jama'a, barkanmu da warhaka. Manhajar da za mu yi aiki da ita yau sunanta v86, wadda Fabian Hemmer ya rubuta. Kwamfuta ce sukutum a cikin burauza. Tana karɓar umarnin x86, wato harshen da ƙwaƙwalwar kwamfuta irin ta Intel ke ji, ta juya shi nan take zuwa WebAssembly, harshen da burauza ke iya gudanarwa, kuma tana da BIOS ɗinta, wato manhajar farko da ke tayar da kwamfuta, mai suna SeaBIOS, da mazaunin fulofi, da allon VGA, da katin sadarwa NE2000. Ba sai kun girka komai ba. Ku buɗe copy.sh/v86 ku zaɓi KolibriOS, wani ƙaramin tsarin kwamfuta, nan da nan ga tagogi da linzami suna aiki, alhali tsarin gaba ɗaya a fulofi guda yake zaune, mai megabait 1.44.

Abu ɗaya ku riƙe: injin nan 32-bit ne, kuma ta BIOS yake tashi. Shi ya sa TempleOS, da yake 64-bit ne, ba ya tashi a kansa. Haka duk faifan da aka shirya don UEFI kaɗai, wato sabuwar hanyar tayar da kwamfuta da ta gaji BIOS.

To, mai rubuta nasa tsarin fa? Nan ne daɗin abin yake. BIOS na ɗauko sashen farko na faifai, bait 512, ya zuba shi a adireshin 0x7C00 na ma'adanar RAM, sannan ya miƙa masa ragama. Bait biyu na ƙarshe su zama 0x55 da 0xAA. In babu su, kuka ɗora shi a matsayin babban faifai, SeaBIOS zai ƙi tayar da shi. Ku harhaɗa da nasm -f bin (nasm manhaja ce da ke juya rubutun assembly zuwa umarnin inji), kuma layin org 0x7C00 ya kasance a sama, DS kuwa, wato rajistar da ke nuna inda bayanai suka fara a ma'adana, ku mai da shi sifili da kanku. Wanda ya tsallake wannan, maimakon rubutunsa shirme zai gani a allo, domin adireshin haruffan ya kauce.

Idan tsarin ya wuce bait 512, sai an karanto ragowar da int 0x13, wato kiran BIOS na karanta faifai. A nan masu koyo suka fi tuntuɓe: ƙirgen sashe daga 1 yake farawa, ba daga sifili ba. Ku adana lambar faifan da BIOS ya bar muku a rajistar DL tun a layukan farko. Fayil ɗin fulofin kuma ku cike shi ya kai bait 1,474,560 cif, don lissafin sashe 18 a kowane zagayen faifai (track) ya yi daidai.

Masu son sauke v86 a kwamfutarsu, kada ku danna fayil ɗin kai tsaye, burauza za ta hana shi loda WebAssembly. Ku kunna python3 -m http.server a cikin foldar, ku shiga ta localhost:8000.