Sayen Kan Sarki Kafin Farashi Ya Tashi: Wa Ke Cin Riba?

Masu kallo, duk lokacin da hukumar gidan waya ta Amurka, wato USPS, ta ba da sanarwar ƙarin kuɗin aika wasiƙa, akan ga mutane sun yi layi suna sayen kan sarki da yawa kafin ranar da sabon farashi zai fara aiki. Dabarar tana aiki, amma ga nau'i guda kawai na kan sarki.

Wannan nau'i shi ne wanda ake kira kan sarkin Forever. Ba a rubuta adadin kuɗi a jikinsa ba, kalmar Forever, wato har abada, aka buga a madadinsa. An fara sayar da irinsa a watan Afrilun 2007 a kan senti 41, da hoton shahararriyar ƙararrawar 'yanci ta birnin Filadelfiya, wato Liberty Bell, kuma alkawarin da hukumar ta ɗauka shi ne zai ci gaba da isar da wasiƙa mai nauyin oza ɗaya, kimanin giram 28, zuwa ko'ina a cikin ƙasar, komai yawan ƙarin da za a yi daga baya. Wanda ya saya a wancan lokaci ya jefa a aljihun tebur ya manta, yau zai iya manna shi a ambulan ba tare da ya ƙara ko senti ɗaya ba. Kan sarkin da aka rubuta wa adadi kuwa, darajarsa tana nan inda aka rubuta ta, sai an cika gibin da wani ƙarami.

Abin da ya sa maganar ta yi zafi a shekarun nan shi ne saurin da farashin ke yi. Daga 2007 zuwa farkon 2021 ya tashi ne daga senti 41 zuwa 55, kusan kafaɗa da kafaɗa da hauhawar farashin kayayyaki. Daga nan sai ƙarin ya riƙa zuwa a kai a kai, har sau biyu a shekara a 2023 da 2024, ya kai senti 73 a watan Yulin 2024, sannan 78 a watan Yulin 2025. Dalilin a fili yake: wasiƙun da ake aikawa sun ragu da fiye da rabi tun bayan da suka kai ƙololuwa a 2001, saboda imel da biyan kuɗi ta intanet, alhali gidajen da ma'aikaci zai kai wa saƙo ƙaruwa suke yi kowace shekara.

To, nawa ne ribar? Wanda ya sayi naɗin kan sarki 100 a kan senti 73 ya biya dala 73, kuma da ya jira bayan ƙarin da ya biya dala 78. Dala biyar ke nan. Ga ƙaramin ɗan kasuwa mai aika takardun neman biya kowane mako, ko iyalin da ke shirin raba ɗaruruwan katunan gayyata, wannan kuɗi ne da ya cancanci a tsaya a kansa. Amma mutumin da wasiƙarsa ba ta wuce goma a shekara, in ya sayi ɗari biyar, ya binne kuɗinsa ne na tsawon shekara hamsin a cikin takarda mai iya ɓata, ko laima ta lalata ta. Kuma farashi ba hawa kaɗai yake yi ba, domin a watan Afrilun 2016 ya sauka daga senti 49 zuwa 47.

Abin da ya faru a Birtaniya ma abin lura ne. Can farashin kan sarkin aji na ɗaya na Royal Mail, kamfanin gidan wayar ƙasar, ya ninka, daga kwabo 85 a 2021 zuwa fam 1.70 a watan Afrilun 2025, saboda haka masu tarawa sun ci riba sosai. Sai dai kamfanin ya fito da sabon samfuri mai lambar da na'ura ke karantawa, aka daina karɓar tsofaffin na yau da kullum bayan 31 ga Yulin 2023, ya zama dole duk mai tarinsu ya aika da su a musanya masa.

Babban haɗarin yana wurin saye. Da zarar an ji labarin ƙari, sai tallace-tallace su cika shafukan sada zumunta, ana tayin kan sarkin Forever a rabin farashi. USPS ba ta sayar da shi da irin wannan rangwame, don haka mafi yawan abin da ake tallatawa haka jabu ne, kuma tun 2023 dokokin hukumar sun ba ta damar ɗaukar saƙon da ke ɗauke da kan sarkin jabu a matsayin wanda aka yi watsi da shi, ta buɗe shi ko ta zubar. Mai son saye ya nufi gidan waya, ko shafin hukumar, ko kantin da ta amince da shi, ya kuma tuna cewa wasiƙar da ta wuce oza ɗaya ko mai fita ƙasashen waje tana buƙatar ƙarin kuɗi a kan abin da wannan kan sarki ya biya.