Okid mai takalmi a zafin Kumasi: daga tsinken sakace zuwa kwalba

Rahinatu: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka. Rahinatu ce daga Kumasi, tare da Yaya Salisu da Kawu Awudu kamar kullum. Yau a bayan gidan Kawu muke a Aboabo, ƙarƙashin rumfar ragar da yake ajiye furanninsa, don haka in kun ji zakara ya yi cara ku yi mana uzuri. Kawu, yau kai ne da magana.

Kawu Awudu: To, 'yata, ina maraba. Salisu, janye ƙafarka daga tukunyar nan.

Salisu: Afuwan, Kawu. Ni dai tun da muka shigo nake kallon abin nan. Fure ne ko roba? Yana sheƙi, ga wani aljihu a gabansa.

Kawu Awudu: Fure ne mai rai. Okid ne, irin wanda ake ce wa mai takalmi saboda aljihun nan. Wannan daga dangin Paphiopedilum yake, mutanen da ke kiwonsa Paf kawai suke cewa. Asalinsu kudu maso gabashin Asiya, daga Indiya da kudancin Sin har tsibiran Borneo da Filifin. Akwai 'yan uwansu Phragmipedium a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, da Cypripedium a ƙasashen sanyi. Afirka muna da okid iri-iri a dazuzzukanmu, amma mai takalmi ko ɗaya babu. Duk wanda ka gani nan baƙo ne.

Rahinatu: Shi aljihun mene ne aikinsa?

Kawu Awudu: Tarko ne. Furen ba ya ba ƙwaro ko ɗigon zaƙi, yaudararsa yake yi. Ƙwaro ya sauka, santsi ya kwashe shi ya faɗa ciki. Ta gaba ba ya iya hawowa, sai ta baya inda akwai 'yan gashi da zai kama. Hanyar kuwa ta matse, dole ya fara goga bayansa a ɓangaren mace, sannan wajen fita ya shafo garin namiji. Ka ga in ya zo da garin wani furen, ya sauke shi kafin ya ɗauki sabo. Akwai wani a dutsen Kinabalu na Malesiya, rothschildianum, da ke da wasu gashi masu kama da ƙwarin darɓa. Wani ƙuda da tsutsarsa ke cin darɓa sai ya zo zai yi ƙwai a wurin, ya zame ya faɗa.

Salisu: Wato ɗan damfara ne.

Kawu Awudu: Ƙwararre ma. To a nan ba mu da ƙwarinsa, sai mutum ya yi aikin da hannu. Rahinatu, matso ki gaya wa masu saurare abin da kike gani.

Rahinatu: Kawu ya ɗauko tsinken sakace sabo. A tsakiyar furen, saman aljihun, akwai wani ɗan faifai kamar garkuwa. Ya karkata tukunyar... a, na gani. Bayan garkuwar akwai ɗigo biyu rawaya, ɗaya dama ɗaya hagu.

Kawu Awudu: Su ne garin namijin. Sauran okid nasu a dunƙule yake da tauri, na wannan kuwa danƙo ne, yana manne wa tsinke. Kin ga na lakato. Yanzu mu koma kan uwar. Sai a danna aljihun ƙasa a hankali, wasu ma yanke shi suke yi gaba ɗaya don su ga hanya.

Salisu: A yanke? Abin da aka jira shekara ya fito?

Kawu Awudu: Wanda ke son iri ba ya tausayin ado. Ga shi nan a ƙarƙashin garkuwar, wani faffaɗan wuri fari-fari yana kallon ƙasa. Nan ne macen. A shafa, a ɗan danna ya zauna. Shi ke nan.

Salisu: Shi ke nan? Ai ko minti ɗaya ba a yi ba. Wannan ai abin da ake yi a gonar koko ne. Tun 2017 da hukumar koko ta Gana, COCOBOD, ta fara shirin haɗa furen koko da hannu, na ga matasa suna yi a ƙauyukan Ahafo, da ɗan hantsaki suna bin jikin bishiya. Su kuwa fure ɗari nawa suke yi kafin azahar.

Kawu Awudu: Hannun ɗaya ne. Amma mai koko bayan wata biyar zuwa shida ya fasa kwansonsa ya auna a sikeli. Mu nan ne wahalar take farawa. Kafin komai, rubutu. Sunan uwa a farko, alamar sau, sunan uba, sai kwanan wata. Da fensir, don tawadar biro rana na cinye ta. A ɗaura a wuyan furen nan take, kafin a amsa sallamar kowa. Tsiron da ba a san iyayensa ba, ko ya fi kowane kyau, ba ya shiga rajista, kuma babu mai kiwo na gaske da zai saka shi cikin irinsa.

Rahinatu: Rajista kuma, Kawu? A ina?

Kawu Awudu: A Ingila, wurin ƙungiyar masu lambu ta RHS. Su ke riƙe da littafin duk wani haɗin okid na duniya. In ka haɗa biyu da ba a taɓa haɗawa ba, 'ya'yan suka yi fure, kai za ka raɗa suna. Na farko a masu takalmi shi ne Harrisianum, wanda John Dominy ya haɗa a lambun Veitch, ya yi fure a 1869. Sunan wani likita ne, John Harris, wanda ya nuna masa yadda cikin furen okid yake. Wannan mai ganye dabbare-dabbare da ke gefen Salisu kuwa jinin Maudiae ne, haɗin 1900, tsakanin callosum da lawrenceanum.

Salisu: To an shafa, an rubuta. Sai me?

Kawu Awudu: Sai ido. Furen zai bushe ya faɗi, amma ɗan kaurin da ke bayansa, in ya kama, zai tsaya kore ya riƙa kumbura. In ya yi rawaya cikin makonni, bai kama ba. Kwanson Paf yakan ɗauki wata shida, wani ya kusan shekara. Kuma ba a ɗora wa ƙaramin tsiro ciki. Mai toho ɗaya tal in ka sa shi goyon kwanso, yana iya ba ka iri shi ya mutu.

Rahinatu: Irin sai a yafa a tukunya?

Kawu Awudu: Da haka ne da kowa ya yi. Irin okid ƙura ne, dubbai a kwanso guda, kuma babu guzuri a cikinsa. Ƙwayar masara tana ɗauke da abincin da za ta tsira da shi, wannan babu. A daji sai wani fangas, ɗan uwan fumfuna, ya shige shi ya ciyar da shi, wani Bafaranshe Noël Bernard ne ya gano haka a 1899. Sai a 1922 Lewis Knudson na jami'ar Cornell a Amurka ya nuna ana iya tsirar da shi ba fangas, a cikin kwalba, a kan abinci mai sukari da gishirin taki da aka daskarar da agar, wani gari da ake samu daga ciyawar teku. Har yau hanyar ke nan. Wasu suna ƙara ruwan kwakwa ko niƙaƙƙiyar ayaba.

Salisu: Sukari da ayaba a kwalba, a Kumasi? Kawu, kwana uku fumfuna ta rufe shi.

Kawu Awudu: Ka taɓo inda ke ciwo. Abin da irin ke so shi fumfuna ke so, kuma ta fi shi sauri. Dole a dafa kwalaben a tukunyar matsin tururi, zafi ya kai digiri 121, kamar minti 15 zuwa 20. Da yawa sun fi son cire kwanson yana kore bai fashe ba, don cikinsa tsaf yake. A wanke bayansa da bilic, a tsaga da reza mai tsabta cikin akwatin da iska ba ta kaɗawa. Ba magana, ba tari, fanka a kashe. Wanda ba shi da wannan juriyar gara ya nemi masu ɗakin gwajin tsirrai su shuka masa.

Rahinatu: Lissafa mana shekarun, don na ga Yaya Salisu ya fara ƙirga yatsu.

Kawu Awudu: Kwanso ki sa kusan shekara. Kwalba shekara ɗaya zuwa biyu, ana sauya musu sabon abinci. Su fito su saba da iskar waje, a nan wasu ke mutuwa. Jinin Maudiae daga nan shekara biyu ko uku sai fure. Manya masu fure da yawa a kara ɗaya, irin rothschildianum, suna iya kai ka shekara goma.

Salisu: La ilaha illallahu. Yaron da aka raɗa wa suna ranar da ka shafa tsinken nan ya shiga firamare. Kuma bayan duk wannan, tabbas ne za a samu mai kyau?

Kawu Awudu: Babu tabbas. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma kowane da kamarsa. Yawancinsu matsakaita, wasu karkatattu, ƙalilan ne za ka tsaya ka sake kallo. Kuma Paf ba ya yarda da kwafi a ɗakin gwaji kamar okid ɗin da ake sayarwa a manyan kantuna, wanda ake buga dubbai iri ɗaya daga tsiro guda. Shi in ka samu na kirki, sai ka jira ya yi toho ka raba. Shi ya sa yake tsada.

Salisu: To ni ɗan kasuwa ne, a kasuwar Kejetia na tashi. Me zai hana in yi oda daga Taiwan ko Tailan, manya masu fure, in huta?

Kawu Awudu: Yi odar, mu ma daga can iyayen suka zo. Amma waɗancan an zaɓe su ne don ɗakin da ake sarrafa sanyinsa. Mu darenmu da ƙyar yake sauka ƙasa da digiri 20. Paf ɗin da ake kira insigne na tsaunukan arewa maso gabashin Indiya zai yi maka ganye shar a nan, fure kuwa sai ka gaji da jira, don sanyin dare yake nema. Ni ra'ayina, mai kiwo a Gana ya daina zaɓen iyaye da hoto. Ya duba wanda ya sha zafin Fabrairu da Maris, ya sha bushewar hunturu, ya sha ruwan Yuni, kuma ya yi fure ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba. Yawancin masu ganye dabbare-dabbare, da niveum na tsibiran kudancin Tailan, da philippinense, duk 'yan ƙasar zafi ne. Cikin 'ya'yansu ma yanayin garin nan zai tace maka. Wannan aikin ba wanda zai yi mana shi a Taiwan.

Rahinatu: Wanda ke Aburi fa, kan tudu?

Kawu Awudu: Ya fi mu sa'a kaɗan, darensa ya fi sanyi. Amma da shi da mu, ruwa ne abin lura. Paf ba su da kututturen ajiye ruwa kamar wasu okid, ba a barin saiwar ta bushe ƙayau, kuma ba sa son gishiri. Ruwan sama ya fi. Ɓawon kwakwa da gawayi nake sa musu, ɓawon sai an jiƙa an zubar sau da yawa.

Salisu: Saura batun oda. Ana shigowa da su haka kawai?

Kawu Awudu: A'a, a kiyaye. Duk nau'in Paf da Phragmipedium na daji suna jerin farko na yarjejeniyar CITES mai tsara cinikin tsirrai da namun daji tsakanin ƙasashe, kuma Gana tana ciki. Wanda aka tono daga daji ba a kasuwancinsa tsakanin ƙasashe. A 2002 wani Ba'amurke, Michael Kovach, ya ɗauko wani sabon nau'i daga Peru ya kai lambun Selby a Florida aka sa masa sunansa, maganar ta kai kotu aka ci su tara. A Biyetnam an bayyana canhii a 2010, cikin 'yan watanni masu tono suka kusan share shi daga dutsen. 'Ya'yan kwalba da aka raina bisa ƙa'ida su ne hanya mai sauƙi. A nan gida kuma sai an nemi izinin shigo da tsiro daga sashen kare tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Noma, PPRSD, da ke Pokuase, tun kafin kaya su taso.

Rahinatu: Yaya Salisu, an bar maka fure ɗaya can. Za ka gwada?

Salisu: Ba ni tsinken. Amma ke za ki riƙe fensir, rubutuna ni kaɗai ke karanta shi. Kawu, wanne ne uwar?

Kawu Awudu: Na hagunka. Kuma karɓi sabon tsinke, wancan ka riga ka sa shi a baki.

Rahinatu: Masu saurare, bari mu tsaya nan kafin a karya wa Kawu fure. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.