Yadda za ka gane wel da dolfin a tekun Zanzibar

Assalamu alaikum jama'a. Yau tekun Indiya za mu leƙa, kudancin tsibirin Zanzibar, wani ƙauyen masunta da ake kira Kizimkazi, inda tsohon masallacin nan yake mai rubutun shekarar 1107 a jikin bango. Daga nan ƙananan jirage ke kwasar baƙi da sassafe zuwa kallon dolfin. To mafi yawan mutane da sun hango wani abu baƙi ya ɓullo ya nutse sai su ce ai kifi ne, shikenan. Alhali daƙiƙa biyun nan da ka gani sun isa su gaya maka wace dabba ce, in dai ka san inda za ka kai idonka.

Fara da wutsiya. Kifi wutsiyarsa a tsaye take, yana kaɗa ta hagu da dama. Wel da dolfin kuwa tasu a kwance take, sama da ƙasa suke kaɗawa, saboda su ba kifaye ba ne, huhu gare su, iska suke shaƙa ta wata kafa a tsakar kansu, haihuwa suke yi su shayar da nono. Shi ya sa wani ƙato mai ɗigo-ɗigon fari da ake zuwa gani a tsibirin Mafia da ke kudu da Zanzibar, duk girmansa kifi ne, dangin shak, dubi wutsiyarsa kawai za ka gane.

Dolfin ɗin da aka fi gani a Kizimkazi iri biyu ne kuma ana yawan haɗa su. Na farko mai ruwan toka ne, tsawonsa wajen mita biyu da rabi, fiffiken bayansa dogo ne ya lanƙwasa baya kamar lauje, manyansu kuma suna da ɗigo-ɗigo a fatar cikinsu, in ɗaya ya juya kusa da jirgi za ka gani. Su ne masu yawo a garke, ba su cika tsoron jirgi ba.

Na biyun shi ne nake so ku tsaya ku lura da shi sosai. Tozo gare shi a baya, sai ɗan ƙaramin fiffike a kan tozon, bakinsa dogo siriri, kuma in zai yi numfashi bakin ne ke fara fitowa daga ruwa kafin sauran jiki ya biyo. Ba ya son ruwa mai zurfi, kullum yana raɓe da gaɓa, su kaɗan-kaɗan, ga kunya, da jirgi ya matso sai ya canja hanya. Wannan zama kusa da gaɓa shi ne ya jawo masa, domin nan ne tarun masunta yake, in ya maƙale a ciki ya kasa fitowa shan iska shikenan ya mutu. Tun 2017 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, to kun ga wanda ya gan shi ya iya bambance shi ba ƙaramin abu ya gani ba wallahi.

In kuma ka yi arewa wajen mashigin tekun da ke gefen tsibirin Pemba inda ruwa ke da zurfi, ka ga wasu sirara suna tsalle suna juyawa a iska sau da yawa kafin su faɗo, ba sai ka tambayi kowa ba, dolfin masu juyi ne, garkensu kan kai ɗaruruwa.

Sai manyan. Daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba wel mai doro ke isowa wannan yankin daga ruwan sanyin Antaktika don haihuwa da barbara. Tun daga nesa numfashinsa za ka fara gani, feshi mai faɗi ya tashi sama wajen mita 3. Tsawonsa kan kai mita 15, amma abin da ba ya ɓoyuwa shi ne hannayensa, fiffiken gefe dogaye masu fari da kan kai kashi ɗaya cikin uku na jikinsa, babu wani wel mai irinsu. In zai nutse sai ya gantsare baya ya ɗaga wutsiya sama, ƙarƙashinta akwai zanen baƙi da fari kuma kowane wel da irin nasa zanen, da hoton nan masu bincike ke gane cewa wanda aka gani bana shi ne aka gani shekarun baya.

Akwai wani kuma can nesa da gaɓa, mai ƙaton kai, wanda anbar ɗin da ake sa wa a turare daga cikinsa yake fitowa. Shi feshinsa ba ya miƙewa sama, gaba yake yi ya karkata hagu, domin kafar numfashinsa ɗaya ce kuma a gefen hagu take. In ya ɗaga wutsiya ya nutse kar ka zauna jira, yana iya wuce zurfin mita 1,000 ya kwashe kusan awa guda bai dawo ba.

Duk waɗannan alamun ba a ganinsu in ana bin dabbar a guje. Abin da ke damuna da Kizimkazi kenan, duk da cewa wurin yana cikin yankin kariya na Menai tun 1997, sai ka ga jirage sun yi wa garke ɗaya zobe mutane na ta faɗawa ruwa a kansu, uwa mai ɗa ta kasa hutawa balle ta shayar, dole su nutse su bar wurin. Dan Allah in Allah ya kai ka, ka ce wa mai jirgi ya rage gudu, ya bi ta gefensu, kar ya sha gabansu, kar ya ratsa tsakiyar garke. Sai ka saita kyamara a kan fiffiken baya, ka ɗauka daga gefe rana na bayanka, don tsagar da ke jikin fiffiken ita ke bambance wannan dolfin da wancan, sannan ka rubuta kwanan wata da wurin da ka gan su da kuma ko su nawa ne.