Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Aikin Gona a Kwalejin Aikin Gona ta Samaru

Assalamu alaikum. Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku, malamai da ɗalibai, barkanku da zuwa. A madadin ma'aikatan wannan kwaleji muna yi wa babban baƙonmu lale marhabin, sannu da hanya.

Ranka ya daɗe, ƙasar da ka taka yau gona ce tun kafin a gina aji ko ɗaya. A 1922 Turawan mulki suka buɗe tashar gwajin noma ta Lardunan Arewa a nan Samaru. Horar da malaman gona kuwa a Maigana ya faro, daga baya aka dawo da shi nan. Ba don son talaka Turawan suka zo ba, auduga suke nema wa masaƙun Ingila, ga jirgin ƙasa ya riga ya iso Zariya. Audugarmu ta gargajiya gajeren zare gare ta, shi ya sa suka kawo irin Allen mai dogon zare, aka yi ta tace shi a filayen nan.

Sai dai lissafinsu ya sha bamban da na manomi. Bincike ya nuna a shuka auduga daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli. Shi kuwa magidanci a makonnin nan yana fama da noman firi na gero da dawa, ba zai bar abincin gidansa ba, sai ƙarshen Yuli ya waiwayi auduga. Damina ta ɗauke a Oktoba, ƙwallon audugar bai gama cika ba, tsutsa ta samu nata. An daɗe ana kiran wannan taurin kai, alhali ƙarancin hannu ne.

Abin da ya zauna daga wancan zamani shi ne garmar shanu. Daga 1928, shekarar da aka buɗe gonar dabbobi ta Shika, aka fara ba manoma bashin bijimai biyu da garma. Aikin huɗar da kan ci kwanaki da hannu sai ya koma na yini ɗaya ko biyu, kashin shanun kuma ya koma gona taki. Inda abin ke lalacewa shi ne rani: in ba a tanadi harawa da karan dawa ba, bijimi kan shiga damina a rame, ya kasa jan garma daidai lokacin da ake buƙatarsa.

A 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, tashar ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashinta, makarantarmu ma daga baya ta bi sahu.

Annobar kuturtar gyaɗa ta 1975 ita ce darasi mafi ɗaci. Darɓa, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, ke yaɗa ta, kuma ta fi kama gonar da aka shuka a makare, aka bar tazara mai faɗi. Har yau muna koya wa ɗalibi shuka da wuri, a matse, da irin gyaɗar da ake kira SAMNUT mai jure cutar.

Ranka ya daɗe, bayan jawabinka muna roƙon ka zagaya gonar ɗalibai, ka ga kunyoyin da suka huɗe da hannunsu. Bismillah, fili naka ne.