Wane ne Maƙwabcinmu a Manchesta?

Shugaban ƙungiya, Baba Fasto, iyayenmu na Zumuntar Mata, 'yan'uwa maza da mata, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Sannunku da sanyi.

Na san yawancinmu hankali rabe yake, rabi a gida, rabi a kan takardun zama. Tun watan Maris na 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana sababbin masu zuwa aikin kula da tsofaffi kawo iyalansu. Idan kuma aka ƙwace lasisin kamfanin da ya ɗauki nauyinka, kwana 60 ake ba ka, ko ka samu wani, ko ka tattara naka ya naka.

Watan jiya wata ƙanwarmu ta kira ni da ƙarfe ɗaya na dare. Wasiƙar kwana 60 ɗin tana hannunta, bashin da ta ci kafin ta taho yana jiranta a gida, kuka ya hana ta magana. Na yi mata addu'a, na ce Allah ba ya barin nasa. Da na ajiye waya sai zuciyata ta tsaya a kan ƙaramin ɗakin da ke gidana, wanda ba kowa a ciki sai tsofaffin akwatuna. Bege na ba ta da baki, alhali abin da take bukata a daren nan katifa ce.

Yanzu ga maganar asusun taimako. Wasu sun ce a tsaya kan Kiristoci kawai. Ban raina wannan ra'ayi ba. Ni ɗan Mubi ne. A watan Oktoba na 2014 da Boko Haram suka ci garin, suka mamaye hedkwatar cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) a Kwarhi, mahaifiyata da ƙafa ta bi duwatsu har Kamaru. Wannan miki bai warke ba.

Amma ku tuna da Nghar, a Barikin Ladi, watan Yuni na 2018. Liman Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara sama da 80, ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallaci da cikin gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa wa maharan da suka biyo su ko mutum ɗaya. Da aka tambayi Yesu wane ne maƙwabci, Basamariye ya nuna, mutumin da Yahudawa ba sa shan ruwa a moɗa ɗaya da shi. Liman bai tsaya tambayar kowa addininsa ba kafin ya buɗe ƙofa. Mu da muke karanta wannan misali tun muna makarantar Lahadi, ta yaya za mu tambaya?

Don haka roƙona shi ne asusun ya zama na duk wanda ya shiga uku a garin nan, Musulmi ne ko Kirista. Ma'aji zai zagaya da takarda. Mai ɗaki, mai mota, mai sanin inda ake ɗaukar ma'aikata, kowa ya rubuta. Ni kam na kwashe akwatunan nan tun ranar Asabar.

Na gode, Allah ya ba mu salama.